Gida a Wata Jiha, Ofis a Wata: Wa Ke da Harajin?

Watan Afrilu a Amurka watan haraji ne. Ran 15 ga wata ita ce ranar ƙarshe da mai albashi zai aika wa gwamnati lissafin dukan abin da ya samu a shekarar da ta wuce, tare da cikon kuɗi in ana binsa. Gidaje da yawa cikin masu karatunmu suna da ɗa, ko 'ya, ko jika a can, waɗansu a Teksas, waɗansu a Merilan, waɗansu a Niyok. Tun annobar korona ta 2020 kuwa, da yawa daga cikinsu sun daina zuwa ofis. Suna zaune a ɗaki da kwamfuta, aikin yana zuwa ta intanet, albashi yana faɗawa banki a ƙarshen mako biyu. Mu a nan mukan ji daɗin wannan labari, gama ba fita cikin sanyi, ba kuɗin mota, uwa kuma tana kusa da jaririnta. Amma akwai wata ƙaya a cikin wannan daɗi, wadda sau da yawa ba a ganinta sai ta soki mutum. Domin wannan ne muka ga ya kamata mu yi zancenta a wannan wata, don iyaye su gane, su kuma miƙa wa 'ya'yansu.

Mu fara da abin da muka sani a gida. A Nijeriya harajin albashi na jihar da mutum yake zaune ne. Ma'aikacin kamfani da yake kwana a Mararaba, yana shiga Abuja aiki kowace safiya, harajinsa na Jihar Nasarawa ne. Magana ɗaya ce, inda ka shimfiɗa tabarmarka can za ka biya. Wanda ya tashi da wannan tunani ya tafi Amurka zai ɗauka haka abin yake a ko'ina. Ashe ba haka ba ne.

A can haraji hawa biyu ne, wani lokaci ma uku. Akwai na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa tun 1913, hukumar da ake kira IRS ita ke karɓa, kuma iri ɗaya ne daga wannan bakin teku zuwa wancan. Ba shi ne zancenmu ba. Akwai kuma na jihohi, su 50, kowace da dokarta, da takardunta, da ofishinta. A shekarar 2025 jihohi tara ba su ɗora kome a kan albashi ba, a cikinsu akwai Teksas, da Fulorida, da Tenesi, da Niyu Hamsha. Waɗansu sukan karɓi kaso ɗaya daga wurin kowa, kamar Fensilbaniya mai karɓar kashi 3.07 cikin ɗari, da Ilinoi mai karɓar 4.95. Waɗansu kuwa, gwargwadon yawan samunka gwargwadon abin da za a yanka, har a Kalifoniya yakan kai 13.3 a kan manyan masu kuɗi. Sa'an nan waɗansu garuruwa suna da nasu a kan wannan duka.

Tushen rikicin shi ne, jihohi biyu suna iya miƙa hannu a kan albashi ɗaya, kowace kuwa da hujjarta. Jihar da kake zaune takan ce kai nata ne, saboda haka duk abin da ka samu, ko a ina ka same shi, tana da rabo. Jihar da ka yi aikin a cikinta takan ce kuɗin nan a ƙasarta aka yi guminsa, ita ma tana da rabo, ko da kai baƙo ne. Dā can, sa'ad da gida da ofis suke gari ɗaya, hannayen nan biyu hannu ɗaya ne. Yanzu da mutum yake iya saka ofishinsa cikin jaka ya hau jirgi, sai suka rabu.

Domin kada a yi wa mutum aski biyu a kai ɗaya, jihar zama takan yi rangwame. Ga misali. A ce wata 'yarmu tana zaune a Ilinoi, tana aiki daga gida. Ƙanwarta ta haihu a Fensilbaniya, ba tsohuwa a kusa da za ta yi mata zaman jego, sai ta ɗauki kwamfutarta ta tafi, ta yi wata uku a can tana aiki tana reno. A cikin watannin nan ta sami dala 20,000. Fensilbaniya za ta nemi dala 614. Ilinoi kuwa, a kan wannan kuɗi, lissafinta dala 990 ne, amma za ta cire 614 da aka riga aka biya, ta karɓi cikon 376. Mun bar sauran ƙananan rangwame da harajin gari a gefe don lissafin ya fito sarai. Da ta Fensilbaniya ce ta tafi Ilinoi ta yi wata ukun, da ta biya 990 a can, jiharta kuma ba za ta mayar mata da rarar ba. Watau ko ta wace hanya aka bi, mafi tsadar biyun shi za a biya. Amma a lura da kyau, rangwamen nan ba ya zuwa da kansa. Sai an cika takarda a jihar baƙunci, an biya, sa'an nan a kawo shaidar a nema a jihar zama. Wanda bai cika ba, bashi yana nan yana jiransa a wata jiha da ya riga ya manta ya taɓa kwana a cikinta.

Kwana nawa mutum zai yi a wata jiha kafin ta fara binsa? A nan ma ba baki ɗaya. Ilinoi ba ta taɓa baƙo sai ya wuce kwana 30 na aiki. Jihohi da dama kuwa, bisa ga dokarsu, daga ranar farko ne. An sha kai wa majalisar ƙasa shawarar a sa wa kowa kwana 30, majalisar wakilai ta amince a 2012, da 2016, da 2017, amma maganar takan mutu a majalisar dattawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jihar da baƙi suke tururuwa zuwa aiki a cikinta ba za ta yarda a toshe mata rijiya ba. Dokar ranar farko ta fi cin 'yan wasa, gama ranakun wasansu a rubuce suke, kowa ya gan su a talabijin. Bayan wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na 1991, Kalifoniya ta bi Michael Jordan da abokan wasansa na Shikago harajin kwanakin da suka yi a ƙasarta, Ilinoi kuma ta yi dokar ramuwa. Dokar da ta kama Jordan ita ce a kan akawun da ya je taron kwana uku, sai dai shi ba a cika waiwayarsa ba.

Akwai wuraren da maƙwabta suka yi sulhu a tsakaninsu. Fensilbaniya da Niyu Jasi sun yi yarjejeniya, wanda yake zaune a ɗaya yana aiki a ɗaya, jihar zamansa kaɗai zai biya. Haka Merilan da Bajiniya. Birnin Washinton ma, dokar 1973 da ta ba shi ikon mulkin kansa ta hana shi karɓar harajin albashi daga wanda ba mazauninsa ba. Ilinoi tana da irin wannan da maƙwabta huɗu. Mai aiki a irin waɗannan wurare ya huta, muddin ya cika wata 'yar takarda ya ba ofishin albashi na wurin aikinsa, don su san jihar da za su riƙa aika wa kuɗin. Tsakanin Niyok da Niyu Jasi kuwa, inda dubban mutane suke ƙetare kogi kowace safiya, babu wannan sulhu.

To, ga inda ƙayar take da tsini. Duk abin da muka faɗa a baya yana tsaye a kan magana guda, cewa wurin aiki shi ne inda jikin mutum yake sa'ad da yake aikin. Jihar Niyok ba ta yarda da wannan ba. Ita dokarta ta ce, in an rubuta ka a ofishin da yake Niyok, kana kuwa leƙa shi ko da jefi-jefi, to, ranakun da ka yi aiki a gida a wata jiha za a lissafa su kamar a Niyok ka yi su. Ba za a ɗauke maka ba sai in ka nuna aikin ne da kansa ya tilasta a yi shi a can, ba don sauƙin kanka ka zauna a gida ba. Nuna wannan kuwa abu ne mai wuya ƙwarai. Cewa mai gidanka ya yarda, ko ma shi ya ce ka zauna a gida, bai isa ba.

An gwada ƙarfin dokar nan a kotu, ba sau ɗaya ba. Edward Zelinsky, shehun malami ne mai koyar da shari'a a wata makarantar lauyoyi a birnin Niyok, gidansa kuwa a jihar Konetikat. Yakan shiga birni kwana uku ya koyar, sauran ranakun ya zauna a gida yana duba takardun jarrabawa yana rubuce-rubuce. Niyok ta ce albashinsa duka nata ne. Konetikat ta ce ranakun gida a ƙasarta aka yi su, ba ta kuwa ba shi rangwame a kansu ba. Ya biya sau biyu. Ya kai ƙara, babbar kotun jihar Niyok ta ba jihar gaskiya a 2003, Kotun Ƙoli ta Amurka kuma ta ƙi sauraron maganar a 2004. Bayan shekara ɗaya, a 2005, kotun nan ta Niyok ta yanke wa wani mai aikin kwamfuta mazaunin Tenesi irin wannan hukunci, alƙalai huɗu suka rinjayi uku. Mutumin nan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa kaɗai yake yi a Niyok, amma aka ɗora masa haraji a kan albashinsa duka. Shehun malamin bai haƙura ba. Sa'ad da korona ta zo aka rufe makarantar, ba halin shiga aji ko da yana so, sai ya sake kai ƙara yana cewa wannan karon ai tilas ce. A 2023 alƙalin shari'ar haraji ya sake ba jihar gaskiya. In lauyan da yake koyar da dokar haraji ya kasa, ina ga ɗanmu da ya sauka ƙasar shekara huɗu da suka wuce?

A ganinmu dokar nan ba ta da adalci. Mutumin da yake zaune a Teksas, 'ya'yansa suna makarantar Teksas, motarsa tana bin hanyoyin Teksas, me zai sa a lissafa masa ranakun da ya yi a ɗakinsa kamar a wata jiha mai nisan mil fiye da dubu ya yi su? Amma ra'ayinmu ba ya biyan bashi. Dokar tana nan, ba kuwa a Niyok kaɗai ba. Fensilbaniya, da Delawa, da Nebaraska suna da irinta. Konetikat a 2019, da Niyu Jasi a 2023, suka yi tasu ta ramuwa, wadda take kama mazaunan jihohin da suke da irin dokar kaɗai. Saboda haka wanda aka ba shi aikin gida ya tambaya tun kafin ya sa hannu, a wane ofis za a rubuta sunana? Amsar wannan tambaya tana iya rage masa dubban daloli a shekara, ko ta ƙara masa. Da yawa sun tashi daga Niyok sun koma Fulorida ko Teksas don sun ji ba haraji a can, suka riƙe aikinsu na dā, suka sayi gida bisa ga lissafin albashi cikakke, sai daga baya suka tarar Niyok ba ta sake su ba. Tun da jiharsu ba ta karɓar kome, ba kuma inda za su nemi rangwame.

Jihohin ma da kansu sun yi faɗa a kan wannan. Mutanen Niyu Hamsha da yawa suna aiki a Bostan, cikin jihar Masacusat. Da korona ta zaunar da su a gida a 2020, Masacusat ta ce za ta ci gaba da karɓar kashi 5 ɗinta kamar ba abin da ya faru. Niyu Hamsha ta kai ƙara Kotun Ƙoli a watan Oktoba na shekarar, kotun ta ƙi karɓar ƙarar a watan Yuni na 2021, dokar kuma ta ƙare da kanta a watan Satumba. Maganar ba a warware ta ba ke nan. Kotun dai ta tsaya wa mai biya a 2015, sa'ad da ta ce Merilan ta saɓa wa tsarin mulki da ta hana mazaunanta cikakken rangwame a kan harajin da suka biya a waɗansu jihohi. Ko a nan ma alƙalai biyar ne a kan huɗu.

Akwai wani tarko kuma, na zama mazaunin jihohi biyu a shekara guda. A Niyok, in kana da wurin kwana na dindindin a jihar, ka kuma yi fiye da kwana 183 a cikinta, an ɗauke ka mazauni ke nan, ko da gidanka na ainihi yana wani wuri. Ko sa'a ɗaya ka shiga ka fita, rana guda ce a lissafinsu. Mai cewa ya ƙaura kuwa, shi zai kawo shaida. Sukan duba lasin tuƙi, da inda mutum ya yi rajistar zaɓe, da makarantar yara, da inda wayarsa take kwana, da inda aka yi ciniki da katin bankinsa, har da inda karensa yake zaune. Mun faɗi wannan ne domin mun san shawarar da abokai sukan ba juna, wai ka ba kamfani adireshin ɗan'uwanka na Teksas, kai kuwa ka yi zamanka a Merilan. Wannan ƙarya ce, ba ta da wani suna, a gidajenmu kuma an san abin da aka koya mana game da ita. Ban da haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Jihohi suna karɓar bayani daga IRS, suna gwada adireshi da adireshi. Wanda bai aika takarda ba sam, shekaru ba su wanke shi, ana iya tono maganar bayan shekara goma, da tara da kuɗin ruwa a kai. Ga baƙo kuwa abin ya fi kuɗi nauyi, gama takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko akwai harajin tarayya, ko na jiha, ko na gari, da ake bin mutum, a kan rantsuwa kuma ake amsawa.

Wannan ya shafi masu zuwa gida hutun Kirsimati da kwamfuta a jaka. Wata biyu a Jos, ko Kagoro, ko Biliri, ba ya raba mutum da jiharsa ta can. Har yanzu mazauninta ne, tana kuma bin albashin da ya samu yana zaune a zauren ubansa.

Yaya za a yi ke nan? Abu na fari, ranar da mutum ya ƙaura, ko ya yi niyyar yin makonni yana aiki a wata jiha, ya sanar da ofishin albashi a rubuce. In sun ce ba su yarda ba, kada ya ɗauka mugunta ce. Ma'aikaci ɗaya tak da yake aiki a wata jiha yana iya jawo wa kamfani wajibin yin rajista da biyan haraji a can. Sa'an nan ya sami ɗan littafi, ko ya buɗe wuri a wayarsa, ya riƙa rubuta inda ya yi aiki kowace rana, ya ajiye tikitin jirgi da rasit. Tsofaffinmu da suka ga zamanin jangali sun san darajar rasit a hannun makiyayi mai ƙetare iyakar hakimai. A ƙarshen Janairu kamfani zai ba shi takardar da ake kira W-2, mai nuna albashin shekara da abin da aka yanka. Ya duba ƙasanta, daga gida na 15 zuwa na 17, ya ga sunan jihar da aka aika wa kuɗin. In an aika wa jihar da ba ta da haƙƙi, ba za ta mayar ba sai ya cika takardarta ya nema, jihar da take da haƙƙi kuma ba za ta jira shi ba. Wannan shi ya sa wani lokaci mutum yakan biya a nan tun kuɗinsa na can ba su dawo ba. Wajen cikawa, a fara da ta tarayya, a bi da ta jihar baƙunci, a ƙare da ta jihar zama, gama lissafin rangwame daga ta biyun yake fitowa. Wanda ya ƙaura a tsakiyar shekara zai cika ta ɓangaren shekara a kowace jiha.

Mai aikin kwangila, wanda ba a yanka masa kome daga tushe, nasa nauyin ya fi. Shi zai riƙa cire wa kansa yana aikawa sau huɗu, a watannin Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu.

Iyaye kuma, ga namu. In ɗa ya ce a watan Maris ko Afrilu hannunsa ya ɗaure, a dakata da zancen rufin ɗaki ko kuɗin taki, kada a yi saurin cewa Amurka ta canja shi. Mai yiwuwa ne jihohi biyu suke riƙe da rigarsa. In kuma za mu ce wa 'ya ta tafi ta zauna da ƙanwarta wata uku, tun da ai aikinta a kwamfuta yake, mu tafi da sanin cewa tafiyar tana da takarda a bayanta, mu bar ta ta fara shiryawa da wurin aikinta.

Wanda lissafinsa ya shafi jihohi biyu ko fiye, musamman in Niyok tana ciki, gara ya biya akanta mai lasin da ya dogara ga abokin da ya ce ya iya. Masu ƙaramin albashi kuwa, akwai shirin IRS da ake kira VITA, inda masu aikin sa kai suke cika wa mutane takardu kyauta, sau da yawa a ɗakunan karatu da majami'u, sai dai a tambaya tun da wuri ko suna yin na jihohi biyu. Ana iya roƙon ƙarin lokacin aika takardar tarayya har zuwa 15 ga Oktoba, amma wannan jinkirin takarda ne kawai, kuɗin tilas su shiga a Afrilu. Ba kowace jiha ce take bin ran 15 ba kuma. Delawa da Ayowa sai 30 ga Afrilu, Bajiniya 1 ga Mayu, Luwiziyana kuwa 15 ga Mayu.